Daga Dakar zuwa Maraɗi: doguwar hanyar likitan yara a Nijar

A garinmu, sa'ad da nake yaro, kalmar "likita" abu biyu take nufi: ɗakin da ake zuwa karɓar magani, da mutumin da ke cikinsa. Mutumin nan kuwa majo ne. Shi ke allura, shi ke ɗinke rauni, shi ke duba jariri da tsoho. A hannunsa ƙanena ya cika yana ɗan shekara biyu, bayan ƙyanda ta sauka masa a ƙirji. Ban taɓa ganin laifin majo ba, iyakar saninsa ya yi. Sai da na girma na kama alli sannan na ji cewa akwai likitan da aikinsa yara ne kaɗai, kuma karatunsa ya zarce na sauran likitoci da shekara huɗu. Tun daga nan nake tambaya: me ya hana mu samun irinsa da wuri?

Amsar ta faro daga zamanin Nasara. A 1918 Faransa ta buɗe makarantar likitanci a Dakar domin ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannunta. Waɗanda ta yaye mataimaka ne ga likitocin Faransawa, aikinsu ya fi karkata ga annoba da rigakafi. Har muka samu 'yancin kai a 1960, duk ɗan Nijar mai son zama likita sai ya bar gida. A 1971 aka kafa cibiyar karatu mai zurfi a Yamai, ta zama jami'a a 1973, sashen kiwon lafiya ya biyo baya a 1974. Daga nan muka fara yaye likitocinmu, amma na gama-gari. Mai son ƙwarewa kan yara sai ya sake ɗaukar jaka zuwa Dakar, Abijan, Kwatano, Maroko ko Faransa.

Ba rashin so ba ne ya jawo jinkirin. Ba a buɗe karatun ƙwarewa, wanda ake kira DES, sai da farfesoshin fannin da asibitin da za a koyi aikin a bakin gadon maras lafiya. Hukumar CAMES ce ke tantance waɗannan malamai, ita kuwa a Yamai aka kafa ta a 1968. To ga tarkon: babu malami, babu karatu, babu karatu, babu wanda zai zama malami gobe. Sai da waɗanda suka fita suka dawo, suka hau matakan farfesa ɗaya bayan ɗaya, sannan aka iya fara horar da likitocin yara a Yamai. Wanda ya yi shekara huɗu a wani babban birni kuwa, ya yi aure, ya sa 'ya'ya makaranta, da wuya ya zaɓi Dakoro ko Tanut.

A tsawon wannan jira yara ba su daina mutuwa ba. Binciken lafiyar jama'a na 1992 ya nuna cikin yara 1,000 da aka haifa, 318 ba sa kai shekara biyar. A 2006 adadin ya sauko 198, a 2012 ya kai 127. Gaskiya ɗaya ce: ba ƙwararrun likitoci suka yi mafi yawan wannan aiki ba. Rigakafi ne, da gidan sauro, da ƙananan ɗakunan shan magani na ƙauyuka, da kulawa kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar da aka zartar a 2006. Yunwar 2005 ma ta koya mana darasi a Maraɗi: da abincin gyaɗa na ƙunshi, Plumpy'nut, uwa na iya jinyar ɗanta mai tamowa a gida, ba sai an kwantar da kowa ba.

Amma akwai yaron da waɗannan ba su isa su cece shi ba. Bakwaini da ke kasa numfashi, mai sikila da jininsa ya ƙare, wanda masassarar cizon sauro ta hau wa kai a tsakiyar damina, mai tamowar da ta haɗu da ciwon huhu. Yaro ba ƙaramin babba ba ne. Maganinsa da nauyinsa ake auna shi, ruwan da zai farfaɗo da babba yana iya kayar da zuciyar mai tamowa. A nan ake buƙatar wanda ya yi shekaru yana kwana a ɗakin yara ƙarƙashin idon malami.

A 2010 aka kafa jami'o'i a Maraɗi, Damagaram da Tawa, daga baya na Maraɗi da Damagaram suka fara yaye likitoci. A ganina mataki na gaba a fili yake: mai koyon likitancin yara ya yi wani ɓangare na shekarunsa huɗu a asibitocin waɗannan jihohi, inda gadaje ke cika daga Agusta zuwa Oktoba. Inda mutum ya koyi aiki, nan ya fi saurin kafa gida.

Mu malamai da iyaye, namu lissafin ga shi. Firamare shekara 6, kwaleji 4, lise 3, likitanci aƙalla 7, ƙwarewa 4. Jimla 24, in ba a maimaita aji ba. Ke nan yarinyar da za ta shiga ajin farko bana, ita ce za ta duba jikokinmu. In aka cire ta a aji huɗu na kwaleji, ko aka bar ta ta ji tsoron lissafi da kimiyya saboda babu mai ƙarfafa mata gwiwa, babu wani minista da zai maido mana da ita. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Duk shekara in na shiga aji nakan tambayi ɗalibaina wa ke son zama likita. Hannuwa da yawa kan tashi. Yanzu na ƙara tambaya ta biyu: likitan su wa? Allah Ya jiƙan yaran da suka riga mu, Ya raya mana na baya.