Me Ya Sa Afirka Ta Ƙanƙance A Taswirar Wayarka?

Buɗe Google Maps ka nemo Haɗejiya, sai ka matse da yatsu biyu har duniya ta bayyana. Za ka ga tsibirin Greenland ya kusa kai Afirka girma. Wallahi ba haka ba ne, Afirka ta ninka shi sau 14.

Abin ya samo asali tun 1569, lokacin da Gerardus Mercator ya zana taswira don matuƙan jiragen ruwa. Duniya kamar lemo take, in za ka shimfiɗa ɓawonsa dole ka ja wani gefen. Shi sai ya ja arewa da kudu don alƙibla ta fito daidai. Google ma tsarinsa suka ɗauka, shi ya sa kwanonin titin Haɗejiya zuwa Nguru ba sa karkacewa. Amma a ido Sweden ta fi Najeriya, alhali Najeriya ta ninka ta biyu.

Wannan taswirar yaranmu ke kallo, su tashi suna raina nahiyarsu. A 2025 Tarayyar Afirka ta goyi bayan a sauya ta.

Gwada da kanka: shiga thetruesize.com, rubuta Nigeria, ka ja ta kan Turai.