Sallamawar Malam Abdullahi na Gwandu

Mu da muka tashi a Lafiyar Barebari, garin da ya shiga ƙarƙashin Daular Sakkwato ta hannun Bauchi, mun saba jin 'yan ɗariƙa suna kwatanta muridi na gaskiya da gawa a hannun mai wanka, wadda ba ta da zaɓin gefen da za a juya ta. Wasunmu kan ɗauki wannan taslimi a matsayin zaman kashe wando. Tarihin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu, bai goyi bayan wannan fahimta ba.

An haifi Abdullahi wajen 1766, ya sha Ƙadiriyya tare da yayansa, ya bi shi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, kuma shi ya jagoranci rundunar Jama'a a Tabkin Kwatto a wannan shekarar. To amma nasara ta zo da nata ciwon. Bayan gumurzun Tsuntsuwa da na Alwasa, inda malamai da mahaddata masu yawa suka yi shahada, sai ya duba waɗanda suka rage, ya ga hankalin da yawansu ya koma ga ganima da dawaki da neman muƙami. Shi da kansa ya ba da wannan labari a Tazyinul Waraƙati. A shekara ta huɗu da hijira, wato wajen 1807, rundunar na kan hanyar Alƙalawa, sai ya sulale tare da 'yan mutane kaɗan, ya fuskanci gabas da niyyar zuwa Makka da Madina.

A nan ne muke so mai karatu ya dakata. A zahiri, wannan tafiya ita ce ƙololuwar gudun duniya: ga mutum ya yar da waziranci, ya nufi Ɗakin Allah. Wa zai zarge shi? Sai dai malaman tasawwufi sun daɗe suna faɗakarwa cewa zuciya takan ɓoye son ranta hatta a cikin ibada, kuma kaɗaici ma abin marmari ne ga wanda jama'a suka gajiyar. Da ya isa Kano, a zamanin Sarki Sulaimanu, mutanen birnin suka tare shi, suka roƙe shi ya nuna musu yadda ake gudanar da mulki bisa Shari'a. Ya tarar da irin cutar da ya gudo mata tana nan ma. Duk da haka ya zauna, ya yi musu tafsiri, ya wallafa musu Liya'ul Hukkami, sannan ya juya yamma ya koma cikin rikicin da ya baro. Bai taɓa ganin Makka ba har ya rasu. A ganinmu, wannan juyowa ta fi fitar nauyi, domin a fitar ya bi abin da yake so, a juyowar kuwa ya bar shi.

Jarrabawa ta biyu ta fi ɗaci. Da Shehu ya rasu a 1817, aka yi wa ɗansa Muhammadu Bello mubaya'a, alhali Abdullahi ya girme shi, kuma shi ya karantar da shi. Ruwayoyi sun ce ya iso Sakkwato ya iske ƙofa a rufe. Ba za mu ce abin bai sosa masa rai ba, don kuwa ya koma Gwandu, an kuma yi shekaru ana zaman doya da manja. Amma bai ɗaga tuta ba, ko da yake rabin daular na hannunsa.

Wajen 1820 'yan tawayen Kalambaina suka matsa masa, Bello ya kawo ɗauki, aka ci garin. Masu ruwaya sun ce da suka haɗu, Bello ya yi haramar sauka daga doki don girmama baffansa, sai Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi da sunan Amirul Muminina. Daga nan ya bar yawancin sha'anin mulki a hannun ɗansa Muhammadu da ɗan yayansa Buhari, ya duƙufa ga karantarwa da rubutu a Gwandu, har Allah ya karɓi ransa a 1829.