Waca: abin da ya kamata a sani game da tattalin arzikin yankin Magarya da Dungas

Waca ƙaramar hukuma ce ta karkara a gundumar Magarya, cikin jihar Damagaram. Tana arewa maso gabas da garin Magarya, arewa da Dungas, a ɓangaren da ya fi samun ruwan sama da cunkoson jama'a a jihar. Tsohuwar masarauta ce daga cikin ƙasashen Sosebaki, tare da Mirya da Dungas, kafin sarakunan Damagaram su mamaye su a ƙarni na 19. A da Dungas tana ƙarƙashin Magarya, sai a 2011 aka mayar da ita gunduma mai cin gashin kanta. Ƙidayar 2012 ta nuna gundumar Magarya na da mutane sama da dubu 500, ta Dungas kuma sama da dubu 350.

Tudu da kwari

Noma iri biyu ne ke riƙe da yankin. A kan tudu, inda ƙasar jigawa ce, ana shuka hatsi da dawa da wake da gyaɗa da riɗi da damina. A cikin kwari kuma, wato ƙasar da ke bin hanyar Korama, ruwa na kusa da doron ƙasa, rijiya ba ta yin zurfi. Nan ake noman rake da rogo da dankali da albasa da tumatir da kabeji.

Rake shi ne abin da aka fi sanin kwarurrukan yankin da shi. Yana daɗewa a gona, ana saransa daga kaka zuwa lokacin sanyi, a ɗaure dami-dami a loda wa motoci zuwa Damagaram da sauran garuruwa. Akasarinsa sha ake yi. Da yake rake ba ya jure ajiya bayan an sare shi, manomi ba ya iya riƙe kayansa ya jira farashi ya tashi, don haka dillali da mai mota ke da ƙarfi wajen ciniki. Wannan matsalar ta fi tsanani ga masu tumatir.

Kwarin kansa yana fuskantar barazana: yashi na gangarowa daga tudu yana binne gonaki, kanwa na tasowa a wasu wurare, gado kuma na ƙara tsaga filaye yayin da jama'a ke ƙaruwa.

Daga gyaɗa zuwa wake da riɗi

Tun zamanin mulkin Faransa, Magarya na cikin manyan cibiyoyin cinikin gyaɗa a Nijar. Bayan samun 'yancin kai, gwamnati ta kafa kamfanin SONARA a 1962 domin saye da fitar da gyaɗa. Farin da aka yi a farkon shekarun 1970 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 suka karya wannan kasuwa. Daga nan wake ya zama babban abin sayarwa, daga baya riɗi ya samu karɓuwa saboda masu saye daga Najeriya. Gyaɗar da ta rage tana hannun mata, waɗanda ke matse mai su yi ƙuli-ƙuli.

Gawo

Wanda ya bi hanyoyin yankin zai ga gonaki cike da itatuwan gawo. Tun daga shekarun 1980 manoma suka riƙa barin tsiron itace a gona suna yi masa sassabe maimakon su tumɓuke shi. Wani bincike na 2006 ya ƙiyasta cewa itatuwa sun dawo a kan kimanin hekta miliyan 1 a Magarya da Matamai da Mirya. Gawo na zubar da ganye da damina, saboda haka ba ya yi wa shuka inuwa, ganyen kuma taki ne. 'Ya'yansa abincin dabbobi ne da ake sayarwa a kasuwa da rani. Wannan ya taimaka wa kiwon turka, inda iyalai ke ɗaure rago ko sa su sayar gabanin babbar salla.

Iyaka da naira

Babbar kasuwar yankin tana kudu, a jihar Jigawa ta Najeriya. Daga Magarya ana shiga ta Babura, daga Dungas kuma ta Maigatari, inda kasuwar dabbobi ke ci kowace Alhamis. Shanu da tumaki da wake da riɗi ke tafiya can, masara da takin zamani da kayan masarufi su shigo. Naira na yawo a kasuwannin ƙauye kafaɗa da kafaɗa da sefa.

Saboda haka duk shawarar da aka yanke a Abuja ko Yamai ana jin ta a Waca. Najeriya ta rufe iyakokinta a watan Agustan 2019, ba ta buɗe Maigatari ba sai Disamban 2020. A watan Mayun 2023 ta janye tallafin man fetur, abin da ya ɗaga farashin man da ake shigowa da shi, wanda masu injin ban-ruwa da 'yan kabu-kabu suka dogara da shi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, takunkumin CEDEAO ya sake rufe iyakar har zuwa Maris 2024. A Oktoban 2024 hukumomin Nijar suka hana fitar da hatsi zuwa waje, ban da Mali da Burkina Faso, domin kare farashin abinci a gida.

Faɗuwar naira ma tana da fuska biyu. Sefa na ɗaure da kuɗin Turai na yuro, don haka idan naira ta faɗi, kayan Najeriya na yin araha ga mai riƙe da sefa. Amma wanda ya sayar da sa a Maigatari, ko matashin da ya dawo daga ci-rani a Kano, yana samun jikkuna kaɗan idan ya yi canji.

Ayyukan raya karkara

A 2015 aka fara shirin ProDAF, da kuɗin asusun FIDA, a jihohin Damagaram da Maraɗi da Tawa, domin gina kasuwannin amfanin gona da hanyoyin karkara da tallafa wa noman rani. Ita kuwa ƙaramar hukuma, babban abin da take samu daga harajin kasuwa da na dabbobi ne. Tun Afrilun 2024, da aka rusa majalisun da aka zaɓa, kantomomi ne ke tafiyar da ƙananan hukumomin.

Buƙatun manoman yankin sanannu ne: hanyar da mota za ta bi da damina, rumbunan ajiya da za su hana sayar da wake da arha a kaka, injinan ban-ruwa masu aiki da hasken rana, da wuraren sarrafa rake da gyaɗa da riɗi a gida, domin a rage fitar da su ɗanye.