Haɗuwa ce ko Zaɓi? Martani ga Hiesinger kan Yadda Ƙwayoyin Jijiya ke Samun Abokan Haɗi

Tun da Bassem Hassan da Peter Robin Hiesinger suka fitar da maƙalarsu ta 2015, wani ra'ayi ke ta samun karɓuwa a tsakanin masu nazarin ƙwaƙwalwa: wai ƙwayar jijiya mai tasowa ba ta da wani zaɓi na a-zo-a-gani game da wadda za ta ƙulla mahaɗa da ita. A wurin Hiesinger, wanda ke bincike a Berlin ta Jamus, ƙwayar a shirye take ta haɗu da kusan duk wadda ta tarar. Abin da ke kawo tsari shi ne wa ya iso, yaushe ya iso, kuma ya jima nawa a wurin. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma a ganina an ja ta har ta zarce inda hujja ta tsaya.

Tushen gardamar sananne ne: aikin Langley (1895) kan kyanwa, kwaɗon Sperry da aka juya wa ido ya riƙa kai cafka inda babu ƙuda, hasashensa na 1963 cewa kowace ƙwaya na ɗauke da alamar sinadari, sai gano rawar da furotin ɗin ephrin ke takawa a 1995.

Hujjojin Hiesinger ba na yarwa ba ne. Ɗan Adam na da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86 a ƙwaƙwalwa, amma ƙwayoyin gadon da ke sarrafa furotin ba su wuce kimanin 20,000 ba. Ina za a samo wa kowace mahaɗa alamarta? Da aka gano a 2000 cewa furotin Dscam na ƙudan Drosophila zai iya fitowa a nau'i 38,016, an ɗauka an samu amsa, sai daga baya ta bayyana cewa babban aikinsa shi ne hana rassan ƙwaya ɗaya manne wa juna. Bekkers da Stevens (1991) sun nuna cewa ƙwayar da aka rena ita kaɗai a faranti takan ƙulla mahaɗa da kanta. Sannan Kiral da abokan aikinsa, daga ɗakin binciken Hiesinger, sun ruwaito a 2021 cewa ƙudan da ya tashi a ma'aunin zafi 18 ya fi wanda ya tashi a 25 yawan mahaɗa, har da abokan haɗin da ba a saba gani ba, domin sanyi na rage saurin 'yan yatsun da bakin jijiya ke lalube da su, su daɗe a jikin duk abin da suka taɓa.

Zan ma ƙara masa wata hujjar daga gida. Wanda ya tashi a Katanga, Jega ko Maiyama ya san sunan da Aliero ta yi a sana'ar ɗori. Ya kuma yiwu ya taɓa ganin wanda ƙashin dantsensa ya haɗe sumul, amma wuyan hannun ya saki, domin jijiyar da ke zagaya ƙashin ta ji rauni. Irin wannan jijiya na sake tsirowa, kimanin milimita 1 a rana, sai dai in ta tsinke gaba ɗaya, zaruruwanta sukan bi hanyar da ba tasu ba, kuma tsokar da suka tarar takan karɓe su. Haka yake ga wasu da suka warke daga shanyewar ɓarin fuska: in sun ƙifta ido gefen baki ya motsa, wasu in suna cin abinci hawaye ya zubo. In akwai alama mai tsauri, me ya sa tsoka ta amince da baƙo?

Duk da haka ban gamsu ba, kuma ga dalili. Kusan duk waɗannan misalai na nuna abin da ƙwaya ke yi ne idan an raba ta da abokin haɗinta na asali. Rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki. Ƙwayar da ke faranti ita kaɗai ta nuna mana abin da za ta iya, ba ta nuna abin da ta fi so ba. Ko a jijiyar da ta tsinke ma fifikon bai gushe ba: Brushart (1988) ya yanke jijiyar cinyar ɓera, ya ga zaruruwan motsi sun fi komawa reshen da ke zuwa tsoka a kan wanda ke zuwa fata, kuma aikin da ya yi daga baya ya nuna suna fara leƙa rassan biyu ne, sannan su janye daga wanda bai dace ba. A gwajin sanyi kuwa, manyan abokan haɗi na asali ba su ɓace ba; ƙari aka samu a kansu.

Gwajin da zai raba gardama shi ne wanda ke barin ƙwayoyi a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya, a duba ko kusanci kaɗai ya isa. An yi shi. Kasthuri da abokansa (2015) sun bi kowane zare a wani ɗan mitsitsin yanki na ƙwaƙwalwar ɓera da madubin lantarki, suka ga zare kan gogi ƙayoyin rassan jijiya masu yawa amma ya ƙulla da kaɗan, kuma yawan gogayya bai bayyana zaɓin ba. A shekarar dai, Krishnaswamy da Sanes suka nuna a idon ɓera cewa ƙwayoyin VG3 da W3B suna haɗuwa fiye da yadda maƙwabtaka za ta sa, kuma da aka cire furotin Sidekick-2 sai haɗin ya yi rauni ƙwarai. Hong, Mosca da Luo (2012) sun sauya yawan furotin teneurin a jijiyoyin jin wari na ƙuda, ƙwayoyi suka koma wa wasu abokan haɗin daban. Hiesinger zai iya cewa waɗannan furotin suna tsawaita lokacin taɓa juna ne kawai. To, amma in furotin na sa a daɗe tare da wannan, a yi saurin sakin wancan, ban ga abin da ya raba hakan da zaɓi ba.

Sai dai dole in taƙaita da'awata. Abin da gwaje-gwajen suka tabbatar shi ne gane jinsi: VG3 ta fifita jinsin W3B, ba wata W3B guda da aka rubuta mata tun farko ba. Wace ce daga cikin jinsin za ta samu, a nan da alama lokaci da wuri ne ke yanke hukunci, sannan aikin jijiyar ya zo ya rage wasu mahaɗan, kamar yadda Hubel da Wiesel suka gani a 'ya'yan kyanwar da aka rufe wa ido ɗaya. Hasashen Sperry na alama ga kowace ƙwaya ɗaya-ɗaya bai tsaya ba, kuma mafi ƙarfin hujjojin da na kawo sun fito ne daga ido da hanci, inda tsari ya fi tsauri. A ɓawon ƙwaƙwalwa, inda aikin Kasthuri ya nuna akwai zaɓi amma bai nuna furotin ɗin da ke yin sa ba, ra'ayin Hiesinger na da sauran fili.