Yadda kwamfuta ke sa tsuntsun wasa ya faɗo ƙasa

Duk wanda ya taɓa buga wasan Angry Birds, wanda kamfanin Rovio na ƙasar Finland ya fitar a 2009, ya ga yadda tsuntsun da aka harba da danƙo yake tashi sama, ya lanƙwaso, ya faɗo. A cikin waya babu abin da ke jan sa ƙasa. Lissafi ne zalla, kuma manhajar Box2D da injiniya Erin Catto ya rubuta ce ke yin sa.

Tushen lissafin dokar Isaac Newton ce ta 1687: ƙarfin da aka sa wa abu shi ke sauya gudunsa, gwargwadon nauyinsa.

Sai dai kwamfuta ba ta san lokaci mai gudana ba. Yanka shi take yi gunduwa-gunduwa, galibi kashi 60 a kowane sakan. A kowane kashi tana tattara duk ƙarfin da ke kan abu, ta fitar da sabon gudunsa da inda ya kai, sannan ta share ƙarfin kamar ba a yi ba. Nan ne masu koyon rubuta wasanni suka fi tuntuɓe. Jan ƙasa dai manhajar ce ke kula da shi da kanta, amma iskar da ke kaɗawa ba tsayawa, ko injin da ke tura roka, dole a sake sa ƙarfinsu a kowane kashi. Wanda ya sa sau ɗaya, da ƙyar rokarsa za ta motsa. Bugun ƙwallo kuwa daban yake, duka ɗaya ne da ke sauya gudu nan take.

Akwai kuma batun nauyi. Turi iri ɗaya ya fi tasiri a kan abu marar nauyi, amma jan ƙasa yana ƙara wa kowane abu gudu daidai wa daida, kimanin mita 9.8 a sakan cikin kowane sakan guda, muddin iska ba ta shiga tsakani ba. A 1971 ɗan sama jannatin Amurka David Scott ya saki guduma da gashin tsuntsu a duniyar wata, inda babu iska, suka sauka tare.

Abin da bai kamata a yi wasa da shi ba shi ne tsawon kashin lokacin. Idan aka bar shi yana bin saurin na'ura, harbi ɗaya zai iya sauka wuri daban a tsohuwar waya da sabuwa, shi ya sa ƙwararru ke ƙayyade shi tun farko.