Kwamfutar da Ake Bari Ita Kaɗai

Ɗan'uwa, in kana zaune a Jidda ko Landan ko Guangzhou kana aika kuɗi gida, ka san matsalar da ta fi neman kuɗin wuya: wa zai kula da abin da ka saya? Ka haɗa wa tsohuwa sola, ka tona rijiyar burtsatse, ka sa kyamara a shagon da ka bar wa ƙaninka. Ko ka sani ko ba ka sani ba, cikin irin waɗannan kaya akwai wata 'yar kwamfuta da ba ta da madannai, ba ta da allon kallo, babu kuma mai zama gabanta. Aikinta ta kunna, ta kashe, ta ƙirga, ta aika saƙo. Tarihin yadda ta yi arha har ta iso gidanku shi nake so mu bi tare, domin rabinsa a nan kudancin Sin aka yi shi.

Sai dai farkon labarin a Ingila yake. A 1985 wani kamfani a Cambridge mai suna Acorn ya ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta da ya kira ARM. Sophie Wilson da Steve Furber ne suka jagoranci zanenta. Kuɗinsu kaɗan ne, don haka suka so su rufe ta da roba mai arha maimakon tangaran, roba kuwa ba ta jure zafi. Dole ƙwaƙwalwar ta ci wuta ƙasa da wat 1. Da aka gwada sai aka tarar wajen kashi ɗaya cikin goma na wat take ci. Ka ga, talauci ne ya haifi tsimin. A 1990 aka kafa kamfanin ARM da wata dabarar kasuwanci: ba ya ƙera ƙwaƙwalwa, zanen yake ba da haya, kowa ya je ya ƙera tasa. Wayar da ke hannunka yanzu jikar wannan zane ce.

To, ina Guangzhou ta shigo? Garin nan tsohon ɗan kasuwa ne. Masallacin Huaisheng da ke cikinsa yana daga cikin mafiya daɗewa a Sin, shaida ce cewa fatake Musulmi sun san hanyar tun da daɗewa. Daga 1757 zuwa 1842 nan ne kaɗai tashar da aka yarda Turawan teku su yi ciniki. A 1957 aka fara babban bajekolin Canton da har yau ake ci sau biyu a shekara. Da Deng Xiaoping ya buɗe ƙofar kasuwanci, a 1980 aka ware Shenzhen da Zhuhai a matsayin yankunan tattalin arziki na musamman, dukansu a lardin Guangdong, tafiyar da ba ta kai wuni ba daga Guangzhou. Masana'antun Hong Kong da Taiwan suka yi ta kwararowa. Cikin shekara ashirin sai ga wuri ɗaya a duniya inda mai zanen faifan lantarki, da mai buga shi, da mai sayar da ƙananan sassa, da mai zuba kwanson roba duk maƙwabta ne.

A ƙarshen shekarun 1990 'yan kasuwar Afirka ta Yamma suka fara sauka Guangzhou, musamman bayan rikicin kuɗi na Asiya na 1997 ya kori ciniki daga Bangkok da Jakarta. Unguwannin Xiaobei da Sanyuanli suka zama zangonmu. Da farko atamfa da shadda da takalma ake ɗaurewa zuwa Kantin Kwari. Da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, sai kaya suka sauya. Kamfanin MediaTek na Taiwan ya riƙa sayar da ƙwaƙwalwar waya haɗe da manhajarta, ta yadda ƙaramar masana'anta a Shenzhen za ta iya fitar da sabuwar waya cikin 'yan makonni. Wayoyin nan masu layi biyu da ƙarar rediyo da suka cika Farm Centre a Kano, daga nan suke. Ribar wannan zamani ba wayoyin ba ce kaɗai. Miliyoyin da aka ƙera su suka karya farashin ƙwaƙwalwa, da memori, da batir.

Mutanen Yamma ma sun gwada kawo mana kwamfuta mai arha ta hanyar agaji. A 2007 shirin nan na ba kowane yaro kwamfuta ya raba ƙananan kwamfutoci kore da fari a wata firamare da ke Galadima, kusa da Abuja. An yi alkawarin dala 100, farashin ya tsaya kusa da ninki biyu, shirin kuma bai yaɗu ba. Abin da agaji ya kasa, kasuwa ce ta yi shi, ita kuwa ba don Allah ta yi ba.

A Fabrairun 2012 Eben Upton da abokan aikinsa a Cambridge suka fitar da Raspberry Pi, cikakkiyar kwamfuta mai girman katin banki a kan dala 35. Rukunin farko a Sin aka ƙera, daga baya aikin ya koma Wales. A 2015 suka fitar da Pi Zero a kan dala 5. Mutanen Guangdong ba su tsaya kallo ba. A Zhuhai akwai kamfanin Allwinner, da aka kafa a 2007, yana ƙera ƙwaƙwalwa mai arha don akwatunan talabijin. A Shenzhen aka ɗauki wannan ƙwaƙwalwa aka yi Orange Pi. A cikin Guangzhou kanta, kamfanin FriendlyARM, wanda ya daɗe yana yi wa ɗalibai da injiniyoyi faifan gwaji, ya fitar da NanoPi NEO a 2016: santimita 4 tsawo, santimita 4 faɗi, kusan dala 8. Ba a ma yi mata wurin jona allon kallo ba, don an san ba mutum ne zai zauna gabanta ba. Kafin nan, a 2014, wani kamfanin Shanghai mai suna Espressif ya fito da ESP8266, 'yar ƙwaya mai haɗa kowane kaya da intanet a kan 'yan daloli.

Mu yi lissafi irin na 'yan kasuwa. Kwamfutar tebur da allonta suna iya cin wat 100. 'Yar ƙaramar nan, a ce wat 2. A awa 24 ta ci 48 ke nan. Ƙaramin batir mai bolt 12 da amfiya 7 yana riƙe da 84. Wato ko an wuni an kwana babu wutar nefa babu rana, ba ta mutu ba. Wannan ne ya sa sola ta biyan kuɗi kaɗan-kaɗan ta yiwu, irin ta M-KOPA a Kenya da Lumos a Najeriya: akwatin da kansa yake sanin an biya ko ba a biya ba.

Amma fa arha ba ta ado. Kayan da aka bari shi kaɗai yana da abokan gaba uku. Na farko ɗaukewar wuta: in ta yanke ana cikin rubutu a katin memori, katin kan lalace, na'urar ta ƙi tashi. Na biyu daskarewa. Maganinsa wani ɗan agogon gadi ne da ke ciki, wanda in manhaja ta daina amsa masa sai ya kashe na'urar ya sake kunna ta. Na uku ɓarayin intanet. A Oktoban 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban kyamarori da masu su ba su taɓa sauya kalmar sirrin masana'anta ba, aka haɗa su aka kai harin da ya toshe Twitter da Netflix na sa'o'i a Amurka. Ƙara da zafin Afrilu a Sakkwato da ƙurar hunturu, waɗanda mai zane a Guangdong bai taɓa shaƙa ba.

Don haka in za ka aika gida, kada tambayarka ta tsaya a kan nawa ne. Tambayi mai kaya: in wuta ta ɗauke ta dawo, yana tashi da kansa? Ana iya sauya kalmar sirri? Wa zai gyara shi a Kano ko Maraɗi? In bai ba ka amsa ba, matsa shago na gaba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan. Shekara ashirin da wani abu muna ɗauko kaya a kwali, ba mu ɗauko sanin haɗa su ba. Alhali yaran da ke gyaran waya a Farm Centre suna cire ƙwayar da ta fi ƙwayar gero ƙanƙanta su mayar da wata. Hannun yana nan. Zanen yawancin waɗannan faifai a buɗe yake, manhajar Linux da suke aiki da ita kyauta ce. In za ka cika kwantena a wannan karon, ka bar wurin faifai goma da ƙarfen narka dalma, ka kai wa ɗan ƙanwarka da ke karatu a kwalejin kimiyya. Kuɗinsu bai kai na turmin shadda mai kyau ba.