Shirun Da Ya Kusa Raba Gidanmu

'Yan'uwana mata, ina ƙarama Babanmu yana aiki a wata masaƙa a Sharaɗa. Da sassafe zai hau kekensa, da yamma ya dawo da cefane. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin SAP, darajar naira ta faɗi, kayan da kamfanoni ke sayowa daga waje suka yi tsada. Daga Bompai har Challawa aka shiga sallamar ma'aikata.

Abin ya ritsa da Baba, amma kunya ta hana shi faɗa. Wata uku kullum yana fita kamar mai zuwa aiki. Inna kuwa da ta ga cefane ya ragu, sai ta ɗauka kishiya zai yi mata. Ta daina gaishe shi, har ta ɗaure kayanta za ta yi yaji. Kakarmu ce ta zaunar da su, ya faɗi gaskiya kansa a sunkuye. Wallahi nan take Inna ta kwance kayan, da ta kwashi adashenta ta ba shi jari.

Rashin sani ya fi dare duhu. Kafin ki zargi maigida, ki tambaye shi cikin taushin murya, ki bari ya gama magana. Allah ya zaunar da mu lafiya a ɗakunanmu.